Godiya Ga Hukumar Ilimin Manya Ta Jihar Kano, Daga Wani Ɗan Kantin Kwari

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugabanni da malaman wannan hukuma, na rubuto ne a bainar jama'a don in yi godiya, tunda an ce yabon gwani ya zama dole.

Ni ɗan kasuwa ne. Sama da shekara 20 ina sayar da atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari. Allo na yi, na kuma sauke, amma boko ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. A lissafi ba a cutata. Turanci ne ya zame mini ƙarfen ƙafa, ga shi kasuwarmu kullum cike take da baƙi daga Legas, Onica da Fatakwal, waɗanda ba sa jin ko "zo in kashe ka".

Wata rana wata mata daga kudu ta ɗaga turmin atamfa ta tambayi kuɗinsa. Naira dubu 15 ne. Na buɗe baki na ce mata "fifty". Ta dube ni sama da ƙasa, ta ajiye turmin a hankali, ta shige shagon maƙwabcina, inda ta kwashi turmi 12 ina kallo. Sai da ta tafi yaron shagona, yana danne dariya, ya ce, "Alhaji, ai dubu 50 ka ce mata." A makon nan na je na rubuta sunana a ajin yamma na hukumarku.

Ba ƙaramar kunya na ji ba ranar farko, ga furfura a gemu, ga littafin rubutu a hammata kamar ɗan firamare. Malaminmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don na san ba ya son haka, bai kai ƙanena na uku a shekaru ba. Bai fara mana da nahawu ba. Cewa ya yi kowa ya faɗi kayan aikin sana'arsa. Na ce yadi, dozin, rasit, canji. Tela ya ce maballi da aljihu, direba ya ce taya, birki, giya. Sai malam ya yi murmushi ya ce, ban da na tela, duk Turanci muka yi, shi kansa sunan tela da direba daga can aka aro su, haka bokiti da tebur da tikiti. Ya ce, "Kun ga ashe da jarinku kuka zo." Daga ranar tsoron ya ragu.

Bayan mun iya haɗa baƙi, sai ya mai da ajin kasuwa. Ɗaya ya zama mai saye, ɗaya mai kaya. "How much is this?" "What is your last price?" "I don't have change." Mu yi ta maimaitawa har bakin ya saba. Lambobin da suka jawo mini asara kuwa, mako guda muka yi a kansu: 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50. Ya nuna mana cewa a "fifteen" ƙarshen ake ja, a "fifty" farkon ake dannawa, in kuma ana shakka a rubuta a kalkuleta a nuna wa mutum. Wannan dabarar kaɗai ta biya ni wahalar zuwa.

Inda muka sha dariya shi ne wajen p da f. Bahaushe ba ya raba su, shi ya sa "pay" ke fita "fay". Malam ya sa kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓensa: in ka faɗi p daidai, iska za ta bugi takardar ta yi tsalle. Ka ga dattawa wajen 30 suna ta hura takarda, wani har hularsa ta faɗi. Bai taɓa yi wa kowa dariyar raini ba, kuma bai bari wani ya yi wa wani ba. Wannan ne abin da ya fi zauna mini a rai.

Ni dai a ganina Turanci matalaucin harshe ne wajen gaisuwa. Mu da "sannu" ɗaya muke yi wa mara lafiya da mai aiki da baƙo. Su kuwa kowanne da tasa kalmar, sannan babu ina gajiya, babu ya iyali, "good morning" kawai sai a shiga zance. Na koya, amma har yanzu ina jin kamar na yi wa mutum rowa.

Ance a 1980 marigayi Gwamna Abubakar Rimi ya kafa wannan hukuma, ni a lokacin ina yaro ina wanke allo. Allah ya jiƙansa, ya saka wa waɗanda suka riƙe amanar bayansa. Malaman da ke tsayawa da mu bayan la'asar, alhali su ma suna da iyali da hidimomi, Allah ya yi wa zuri'arsu albarka.

Jiya wani mai kawo mini kaya ya kira daga Legas. Da, sai in miƙa wa yaro wayar. Wannan karon ni na amsa, muka yi ciniki, da ya yi sauri na ce masa "Please, speak slowly", ya kuwa sassauta. Yaron shagon ya tsaya baki buɗe. Na riga na sa sunan uwargida a ajin mata, ni kuma ina nan tafe zango mai zuwa, don saura in iya rubuta saƙo a WhatsApp da hannuna.

Wassalam.

Naku,
ɗalibinku mai atamfa,
Kantin Kwari, Kano.