Buhunan Stasi: amsa ga malamin da ya ce a bar kaza cikin gashinta

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka yi da ni kan adana takardun tarihi, ka bugo waya ka tambaye ni amfanin da Jamus za ta samu idan ta zuba kuɗi a kwamfuta don ta haɗa takardun da 'yan sandan ciki suka yayyaga fiye da shekara 30 da suka wuce. Ka ce gara a bar kaza cikin gashinta. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, kuma tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Hukumar da ake magana a kai ita ce Stasi ta Jamus ta Gabas, wadda aka kafa a 1950. Zuwa 1989 tana da ma'aikata kusan 91,000, ban da masu kai mata rahoto a ɓoye da yawansu ya haura 170,000, cikinsu har da maƙwabta da abokan aiki da 'yan gida ɗaya. Da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, jami'an suka duƙufa lalata takardu. Wasu suka ƙone, wasu suka jiƙa suka dama. Injinan yanka takarda suka gaza saboda yawan aiki, sai suka koma yagawa da hannu, dare da rana. Jama'a ne suka tare su: suka mamaye ofishin hukumar na garin Erfurt ranar 4 ga Disamba, sannan hedikwatar Berlin ranar 15 ga Janairun 1990. An tarar da buhuna kusan 16,000 na yagaggun takardu.

Ka lura da wannan, Malam, domin a kansa hujjata take. Takardun da suka tsira lafiya, in an jera su, sun kai kilomita 111. Mutumin da ya san kwanakinsa a ofis sun ƙare ba zai ɓata daren a kan rasidin man mota ba. Abin da ya fi tsoron a gani shi zai fara yagawa. Ke nan jami'an da kansu suka tace mana abin da ya fi muhimmanci, suka zuba a buhu. In aka bar buhunan a ɗaure, zaɓinsu ne ya tabbata.

Tun 1995 aka fara haɗawa da hannu a garin Zirndorf na jihar Bavariya. Ma'aikaci zai buɗe buhu a hankali, ya riƙa ɗebowa daga sama ba tare da ya hautsina ba, domin guntayen shafi ɗaya galibi tare suka faɗa. Ya baza su a tebur, ya nemo masu launi ɗaya da rubutun hannu ɗaya, ya liƙe. Da wannan haƙuri aka gama buhuna kimanin 500, shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. A haka sai an yi ɗaruruwan shekaru.

Shi ya sa a 2007 majalisar dokokin Jamus ta amince da gwajin haɗawa da kwamfuta na cibiyar binciken kimiyya ta Fraunhofer da ke Berlin, ƙarƙashin injiniya Bertram Nickolay. Ana ɗaukar hoton kowane guntu gaba da baya, sai manhajar ePuzzler ta duba launin takardar, da layukanta, da irin rubutun, da yadda bakin yagar ya karkata, ta nemo masa ɗan'uwansa. Manhajar ta iya aikinta. Inda aka cije shi ne wajen ɗaukar hoton: guntayen a cukuikuye suke, wasu a naɗe, wasu da ƙarfen maƙalewa, dole mutum ya warware kowanne ya shimfiɗa kafin na'ura ta gani. An yi niyyar buhu 400, aka gama 23 kacal, aikin ya tsaya. A nan masu cewa kuɗin ya yi yawa suna da abin faɗa, amma matsalar na'urar ɗaukar hoto matsala ce da ake gyarawa.

Na san abin da ke damunka shi ne kada tone-tone ya raba gidaje. Ya raba wasu. 'Yar gwagwarmaya Vera Lengsfeld ta gano cewa mijinta na kai rahotonta, auren ya mutu. Sai dai ka tuna da wanda aka kora daga jami'a ko aka ɗaure, ya shekara 30 yana zargin amininsa alhali ba shi ba ne. Takardar da ke tona asirin wani ita ce ke wanke wannan. Tun da aka buɗe takardun a 1992 ƙarƙashin Joachim Gauck, shugaban farko na hukumar da ke kula da su, an shigar da buƙata fiye da miliyan 3 ta neman ganin fayil, kuma ba wanda aka tilasta wa. Wanda ya ga ba zai iya ɗauka ba, yana da damar kada ya nema.

Tun 2021 takardun suna hannun ma'adanar tarihi ta tarayya. Waɗanda aka azabtar a shekarun 1970 yanzu tsofaffi ne, kullum ana rasa su. Fatana a samar da na'ura mai sauri, a fara da buhunan sashen da ke bibiyar majami'u da marubuta da 'yan adawa, tun masu abin suna da rai.

Na gode da tambayarka, Allah ya ƙara girma.

Wassalam.