Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kano

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan manoman tumatir da attaruhu da albasa na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda ke noman rani da ruwan madatsar Tiga.

A 2021 shirin HortiNigeria, wanda ofishin jakadancin ƙasar Holan ya ɗauki nauyinsa, ya shigo Kano da Kaduna yana koya wa ƙananan manoma renon ingantaccen iri, da dashe a kan kunya, da ɗaure tumatir a jikin sanda don kada ya kwanta a laka ya ruɓe. Wanda ya bi wannan koyarwa ya ga albarka a gonarsa. Sai dai albarkar ba ta cika kaiwa aljihu ba.

Ina roƙon ka ziyarci kasuwar Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa. Za ka tarar da kwanduna jere a rana, manomi na tsaye yana karɓar duk abin da dillali ya taya, domin tumatir ba ya jiran gobe. Wanda aka loda zuwa Legas kuwa, kwando kan kwando ake jibgawa, na ƙasa ya matse, ruwansa na ɗiga tun motar ba ta bar Kano ba. Ragowar a yanka a shanya a ƙasa, a samu kauɗa mai yashi da ba ta da daraja. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a 2016, ta sha tsayawa, kuma a shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki.

Ranka ya daɗe, kowane shirin tallafi yana da wa'adi, mu kuwa muna nan. Don haka muke roƙon ma'aikatarka ta ware kuɗi a kasafi domin samar da akwatunan roba da ƙungiyoyin manoma za su riƙa bayarwa haya, da rumfunan busar da tumatir masu tsabta kusa da kasuwa. Haka kuma a horar da malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jihar Kano, a kan ilimin da HortiNigeria ya kawo, a ba su babura, su riƙa zagaya gonaki tun iri yana reno, kafin sharon ta bayyana.

Allah ya taimake ka a kan wannan amana.

Naka,
Wani manomin rani daga Kura.