A Riƙa Kai 'Yan Sikawut Gona Su San Ƙwari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yaba wa wani malami da yaransa, in kuma miƙa kokon barata ga masu kula da noma da ilimi a Jihar Jigawa.

Mu a karkara abin da muka san 'yan sikawut da shi bai wuce fareti ranar 1 ga Oktoba da gyara sahu a filin Idi ba. Amma a daminar nan, wake na cikin fure, wani malamin firamare ya nemi izinina ya shigo gonata da rundunarsa, kowa da kakinsa da ɗan ƙyallensa a wuya, riƙe da kwalba da littafin rubutu. Ƙwari suka zo koyo.

Malamin ya sa su juya ganyen wake su duba bayansa. Ga darɓa nan, 'yan ƙananan ƙwari masu tsotse ruwan shuka, ta yi baƙi ƙirin a jikin toho, kiyashi na kai da komo a kanta suna lasar zaƙin da take fitarwa. A tsakiyarsu akwai wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi, bai kai ƙwayar wake ba. Wani yaro ya kai yatsa zai murƙushe shi, malam ya riƙe hannunsa, ya ce, "Dakata, ɗana, kalli abin da yake ci." Suka yi cirko-cirko suna kallo har ya cinye darɓa ɗaya ya kama ta biyu. Daga nan yaran suka daina kashe duk abin da ya motsa. Suka ga ƙoƙi-ƙoƙi ya naɗe hannu yana dakon fara, suka ga zanzaro na jan tsutsa zuwa ɗakinsa na laka, suka ƙirga ƙafafu: shida na ƙwaro, takwas na gizo-gizo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Waɗannan yara su ne gobe za su goya tankin feshi, wasunsu ma tuni sun fara. Kuma tarbiyyar da suke samu a wurinmu ita ce ƙwaro duk ƙwaro ne, a fesa kawai. Mutum ya shiga kasuwa ranar da take ci, ya sayi maganin da bai iya karanta takardarsa ba, ya fesa da hantsi lokacin da ƙudan zuma ke kan fure, sa'an nan ya zo yana kukan kankanarsa ta yi yabanya ba 'ya'ya. Wa zai kai mata garin fure bayan an kashe mai aikin? Da ya bari sai yamma ta yi, zuma ta koma amya, da asarar ta ragu.

Ƙwari sun sha yi mana illa, ba na musu. Dattawa ba su manta 1975 ba, shekarar da kuturun gyaɗa ya share gonakin Arewa, kuma darɓar nan ce ke yaɗa shi. A 2016 tsutsar da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye tumatirin Kadawa a Jihar Kano, ana ta feshi tana ɓoye a cikin ganye, magani bai cika isa gare ta ba. A shekarar ne kuma tsutsar nan mai shiga cikin kunnen masara ta bayyana a ƙasar nan. Amma feshin ganganci ma ya jawo mana abin kunya: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wakenmu saboda guba irin ta fiya-fiya da ake zuba masa a wurin ajiya, alhali buhu mai ɗauri uku yana kashe ƙwaron wake ba tare da ɗigon magani ba. Wannan waken shi muke dafa wa iyalinmu.

Don haka ina kira ga hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiharmu, wato JARDA, ta riƙa haɗa malamin gona da kowace rundunar sikawut ta karkara, ko sau ɗaya ne a damina, sau ɗaya a noman rani. Ba ya buƙatar wani kasafi: gona na bayan makaranta, kwalba na gida. Hukumar ilimin firamare ta ba malamai izinin fita da yara, iyaye kuma mu tabbatar sun sa takalmi saboda maciji da kunama, a ja musu kunne kada su tsokani gidan rina. Gidajen rediyonmu su ba yaran nan minti goma a shirin manoma su faɗi abin da suka gani da bakinsu, domin iyayensu na saurare. Gonata a buɗe take ga duk malamin da zai kawo nasa yaran.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Wani manomi daga Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa