Zuwa ga aminina da aka ɗora wa kula da gini

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu, kuma ba zan ɓoye maka ba, sai da na yi dariya. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa ta miƙe tun muna makaranta, yau kai aka ɗora wa kula da ginin bene mai hawa uku a wurin aikinku! Ikon Allah. Amma da dariyar ta lafa sai na ga waɗanda suka zaɓe ka ba su yi wauta ba. Magina suna da su. Abin da suke nema mutum ne mai riƙe lissafi, mai yawan tambaya, wanda ba ya jin nauyin ce wa babba "a rubuta mini". Wannan kuwa halinka ne tun muna yara.

Ka ce in turo maka sunayen manhajojin kwamfuta da ake tsara aikin gini da su. Zan turo, amma ba yau ba. Duk shekarun da na yi ina shan ƙurar siminti ban taɓa ganin aikin da rashin manhaja ya kashe ba. Abin da na ga yana kashe aiki shi ne a fara haƙa fandisho kafin a gama shawara, sannan a riƙa sauya shawarar da fatar baki.

Ka san gidan kiɗa da wasan kwaikwayon nan na Sidni a Ostireliya, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. An fara shi a 1959 da niyyar gamawa a 1963 kan dalar Ostireliya miliyan 7. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya lashe miliyan 102. Ba injiniyoyi aka rasa ba. Gwamnati ce ta matsa a fara aiki alhali ba a ma san yadda za a gina rufin ba, har sai da aka sake wasu ginshiƙan da aka riga aka zuba. Mai zanen, Jørn Utzon, ya ajiye aikin a 1966. Masu iya magana suka ce tun ran gini tun ran zane, ni kuwa a sana'armu cewa nake zanen ma ya riga ginin. Saboda haka kafin lebura ya ɗaga diga, ka tabbata zanen mai zane, da na injiniyan ƙarfe da kankare, da na wuta, da na famfo duk suna hannunka. Ka tara masu su a teburi guda, a ɗora wannan zane a kan wancan. A nan za a gano bututun bayan gida ya bi ta tsakiyar bim, wato ginshiƙin kankaren da ke kwance yana ɗauke da bene. A takarda, gyaran nan aikin fensir ne. Bayan an zuba dakin kuwa, wato shimfiɗar kankaren bene, sai guduma da kurfi da ɓacin rai. Kada kuma a yi maka rowar gwajin ƙasa. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na ginin, amma shi zai faɗa wa injiniya irin tushen da ƙasar za ta ɗauka.

Daga zane ake fitar da takardar ƙididdiga, wadda ke jera kowane aiki da yawansa: kankare mita kaza, rodi tan kaza, bulo guda kaza. A kanta 'yan kwangila za su sa farashi, ta haka za ka iya gwada na wannan da na wancan layi bayan layi. In ka ga wani ya faɗo ƙasa sosai da sauran, kada ka yi murna. Ko ya manta wani abu, ko yana shirin fanshewa a kanka daga baya. Araha ba ta ado. Ka kuma ware wani abu gefe, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, don abin da ba a zata ba, kuma kada shugabanninka su ɗauka kuɗin sayen tayil mai tsada ne.

Kwangilar ita ma a rubuce. Ba sai kun ƙirƙiro taku ba. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda aka kafa a 1913, tana da tsararrun sharuɗɗa da ake aiki da su a ƙasashe da yawa. Ko ba ita kuka ɗauka ba, ka duba irin tambayoyin da take amsawa: wa ke ba da umarni, yaushe ake biya, me zai faru in an makara, wa zai raba gardama. A tsarinta ɗan kwangilar da ke neman ƙarin lokaci ko kuɗi dole ya ba da sanarwa cikin kwana 28. Dalilin a fili yake, ana son a yi maganar tun shaida tana ɗanya.

Yanzu ga batun lokaci, wanda na san shi ya fi hana ka barci. Jadawalin da za ka gani manne a bangon ofishin fili, mai sanduna a kwance, kowace sanda aiki ɗaya da tsawon kwanakinsa, sunan wani injiniya Ba'amurke ya ɗauka, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi wajen shekarun 1910. Yana da amfani, sai dai ba ya faɗa maka wace sanda ce in ta motsa duk sauran za su motsa. Wannan sai a 1957 James Kelley da Morgan Walker suka fito da lissafinsa a Amurka, a wani aiki na kamfanonin Remington Rand da DuPont. Kada sunayen su tsorata ka, abin mai sauƙi ne. Cikin ayyukan gini akwai jerin da kowanne sai na gabansa ya ƙare yake farawa: haƙa, zuba tushe, ɗaga ginshiƙai, kafa katako, ɗaura rodi, zuba dakin, jiran ya yi ƙarfi, sannan hawa na gaba. Jerin da ya fi kowanne tsawo shi ne ƙashin bayan aikin. Kwana ɗaya ya salwanta a cikinsa, ranar miƙa makulli ta ja baya da kwana ɗaya. Sauran ayyuka suna da rara. Katangar waje za ta iya jira mako uku ba wanda ya ji a jikinsa. Sabon shiga irinka yakan shiga fili ya ga mai fenti bai zo ba ya yi ta faɗa, alhali kafintan da ke riƙe da dakin ya kwana biyu yana jiran katako ba wanda ya tambaye shi. Duk safiya tambayarka guda ce: wane aiki ne yau in bai ƙare ba gobe kowa zai zauna? Can za ka fara zuwa.

Kuma ka tambaya tun yanzu waɗanne kaya ne sai an yi odarsu watanni kafin a buƙace su, irin lif, wato na'urar hawa bene, da taransifoma da tagogin da ake ƙerawa bisa awo. Na sha ganin gini ya kammala fes, ana zaune ana jiran abu guda da ba wanda ya tuna ya yi oda.

Sauyi kuwa dole ne ya zo, kada ka yaudari kanka. Maigida zai shigo ya ga ɗaki ya yi masa ƙanƙanta. Ɗan kwangila zai ce rodin da aka rubuta babu shi, ga wani. Ba sauyin ne laifi ba, yadda ake yin sa ne. A 1981, a otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, wasu gadoji biyu na tafiya da ke rataye a cikin zauren otal ɗin, ɗaya a saman ɗaya, suka rufto, mutum 114 suka mutu. A zanen farko sandar ƙarfe guda ce ta sauko daga rufi ta riƙe duka biyun. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, suka mai da ita biyu: ta farko ta riƙe gadar sama, ta biyu ta rataye gadar ƙasa a jikin ta saman. Ka ɗauka guga biyu ne cike da ruwa. Da kowanne a ɗaure yake a jikin igiya, yanzu an rataye na ƙasa a hannun na sama. Nauyin da ke kan mahaɗar sama ya ninka, kuma aka amince da zanen ba tare da an sake lissafin ba. Ƙaramin sauyi ne a ido.

Ni nawa darasin bai kai ga rai ba, alhamdu lillahi, amma ya ci mini mutunci. Ina sabon shiga, wani mai gini ya tsaya a bene ya nuna da yatsa ya ce a matsar da bango mita ɗaya. Na ce to. Aka rushe, aka sake, wayoyin wuta suka bi, bututu ya bi, tayil ya ƙaru. Ranar biya ya ce shi shawara kawai ya kawo, bai ce a yi ba. Ba ni da ko ƙyallen takarda. Tun ranar, kowane sauyi sai ya amsa tambaya uku a rubuce kafin a taɓa shi: nawa zai ci, kwana nawa zai ƙara, injiniya ya gani ya sa hannu? Kuma umarni ta bakin mutum ɗaya yake isa ga ɗan kwangila. In shugabanka yana ba da nasa, mataimakinsa yana ba da nasa, to kai ka zama ɗan kallo. Wannan ka daidaita shi da su tun yau, cikin ladabi, kafin a fara.

Game da inganci, ka sa ido a kan abin da za a rufe. Fenti in ya ɓaci a sake shi. Rodin da ke cikin kankare ba mai sake ganinsa. Kada a zuba komai sai injiniya ya zo ya ƙirga rodin, ya auna tazararsa, ya ga an ɗaga shi daga jikin katako don kankare ya lulluɓe shi, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi. Ka ɗauki hoto. Ranar zubi ka lura da tiyo, don ma'aikata na son ƙara ruwa kwaɓin ya yi laushi, ruwan nan kuwa ƙarfin kankaren yake ci. A ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a murƙushe, a kwana 7 da kwana 28, domin ƙarfin kwana 28 shi ne ma'aunin da injiniya ya yi lissafi a kansa. Bayan zubi a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda. Kafinta zai zo yana roƙon a bar shi ya cire katakon ƙarƙashin dakin don yana buƙatarsa a sama. Ba kai za ka ba shi izini ba, injiniya ne.

Kuɗi kuma a bayan aiki yake tafiya. A auna abin da aka yi, a biya abin da aka auna. In za a ba da kuɗin somin aiki, a karɓi takardar lamuni daga banki. Daga kowane biya a riƙe wani kaso, galibi 5 ko 10 cikin ɗari. Akan saki rabi ranar karɓar gini, sauran sai bayan wa'adin gyara, wanda yawanci shekara guda ne, don rufi ba ya nuna yoyonsa sai ruwa ya sauka a kansa. Amma abin da ya cancanta ka biya shi a kan kari. Ɗan kwangilar da aka riƙe wa haƙƙinsa ba ya ihu, ma'aikatansa kawai za ka ga suna raguwa.

Ka sayi littafi mai kauri ka ajiye a fili. Kullum a rubuta mutum nawa suka zo, wane kaya ya shigo, an yi ruwa ko ba a yi ba, wa ya ce me. Zai yi maka kamar wahalar banza har ranar da gardama ta tashi. Hular kwano da takalmi da shinge a bakin bene kuwa ba abin ciniki ba ne, faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini. Kai ma ka sa hular, ko da za ta ɓata maka hoto.

Ka turo mini zanen da daftarin kwangilar kafin kowa ya sa hannu, in duba maka a ƙarshen mako. Ka faɗa mini kuma ko an yi gwajin ƙasar, don a saƙonka ban ga ka ambace shi ba, abin ya tsaya mini a rai. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka ce ina nan tafe ranar buɗe ginin in Allah ya kai mu.

Naka har kullum,
Amininka.