Sanarwa Kan Koyar da Yara Kalmomin Turanci

Assalamu alaikum, malamai da iyaye ƴan wannan rukuni. Muna roƙon masu koyar da ƙananan yara Turanci su taƙaita kalmomin kowane zama, su kuma haɗa kowace kalma da abin da yaro zai taɓa. Idan launuka ake koyarwa, a ba shi almakashi marar tsini ya yanko jan kifi daga takarda, yana faɗin launin da Turanci yayin da yake manna shi. Sunayen sassan jiki kuwa sun fi zama a kan yara ta wasan umarni, inda yara ke taɓa hanci ko gwiwa kafin a nemi su furta, hanyar da wani malamin jami'a mai suna James Asher ya ɓullo da ita a Amurka a shekarun 1960. Kada a tilasta wa mai kunya magana, domin fahimta takan riga furuci.