Wasiƙar Godiya Ga Masu Shagon Kwanon Rufi Na Titin Nnamdi Azikiwe, Kaduna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Alhaji mai shago da dukkan ma'aikatansa, na ga ya dace in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku da baki ba ta gamsar da ni ba.

Duk wanda ya kai gininsa linta a garin nan ya san cewa a wajen rufi kuɗi ke ƙarewa, kuma a nan ne aka fi cutar mai gida. Kafin in zo wurinku na sha yawo ina neman kwanon gidan da nake ginawa a Rigasa. Wani mai shago ya rantse mini cewa kwanonsa mai kaurin milimita 0.55 ne, da na nemi a auna a gabana sai ya ce abin awon ya ɓace. Wani kuwa da ya ji ɗakuna uku ne kawai, sai ya ci gaba da danna wayarsa. Ga damina ta ƙarato, ga iyali a gidan haya.

Shi ya sa na yi mamaki da malamin da ke kula da awo a shagonku ya ɗauko abin awon tun ban tambaya ba, ya matse gefen kwanon, ya nuna mini mai milimita 0.45 da mai 0.55, ya faɗi farashin kowanne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya ƙi yarda a yanka mini ko falle ɗaya sai ya ga ginin da idonsa. Ya biyo ni a babur ɗinsa, ya hau sama, ya buga ƙusa a jikin katakon da aka riga aka jera, ya zare ta, ya nuna mini danshin da ke cikin ramin. Ya ce ɗanyen katako idan ya bushe a ƙarƙashin kwano yakan tanƙware ya saki ƙusa, kuma wanda ba a shafa wa maganin gara ba abincin gara ne kawai.

Daga nan ya kira kafintana gefe, cikin mutunci ba tare da ya kunyata shi a gaban yaransa ba, ya nuna masa cewa ba a ɗaure katakon da ke kan bango da rodi ko langalanga a jikin linta ba. Ya tuna mana cewa hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iskar farkon damina, ta watan Afrilu da Mayu, ita ce ke yaye rufi ɗungurungum idan nauyinsa kaɗai ke riƙe da shi. Ya ce a jera kwanon yadda bakin haɗin zai ba gabas baya, a hau da falle kan falle aƙalla inci 6 a tsaye, a kuma buga ƙusa mai hula da roba a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Gangaren rufin ma sai da ya sa aka ƙara masa tsayi. Bai karɓi ko kuɗin mai ba.

Kayan sun iso a ranar da aka ce, da rasit. Ruwan Agusta ya zo ya wuce, babu tabo ko ɗaya a silin. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa kasuwa albarka.

Abin da ke ci mini rai shi ne gidajen maƙwabta da nake gani an danne rufinsu da duwatsu da tsofaffin tayoyi, alhali gidajen sababbi ne. Masu su ba ƙin biya suka yi ba; sun biya kuɗin kwano mai kauri an ba su mai shara-shara, sun biya kuɗin maganin gara an shafa musu baƙin mai zalla, kuma ranar da iska ta kwashe rufin, kafinta ya ɗora wa mai kwano laifi, mai kwano ya ɗora wa kafinta. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da na masu sayar da kayan gini a Kaduna su wajabta wa kowane shago ajiye abin awo a kan tebur, inda mai saye zai iya ɗauka da hannunsa.

Wassalam.
Wani magidanci daga Rigasa, Kaduna.