Kafin a sayo mana lilon dogo a Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan abin da mutane da yawa suke ɗauka wasan yara ne kawai, wato jirgin nan na wuraren shaƙatawa da ke gudu a kan dogo yana hawa yana gangara, wanda Turawa ke kira rola kosta, ni kuma zan kira shi lilon dogo.

A yawon Sallar da ta wuce jikokina uku suka tasa ni gaba sai na kai su wani wurin wasa a cikin garin nan, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Akwai wani ƙaramin lilon dogo mai tarago huɗu, yara sun yi layi a gabansa har bakin mai sayar da alawa. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin gyaran layin dogo, idona ƙasa ya tafi. A gindin wani ginshiƙi na ga ramukan noti huɗu, uku ne kawai a ɗaure, na huɗun an cusa masa guntun rodi an lanƙwasa. A wata mahaɗa kuma an yi walda a kan tsohuwar walda, an shafe ta da jan fenti. Da na tambayi saurayin da ke riƙe da makunni ko suna da littafin da ake rubuta dubawar kullum, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai tun da aka kawo shi bai taɓa ba mu matsala ba."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin yanzu matasanmu suna kallon bidiyon manyan lilon dogo a wayoyinsu, irin Formula Rossa na Abu Dhabi da aka buɗe a 2010 mai gudun kilomita 240 a awa, da Falcons Flight na Qiddiya kusa da Riyad wanda aka tsara ya kai kilomita 250, suna tambayar yaushe za a kawo mana irinsu. Ba na adawa da wannan buri. Abin da nake so masu kuɗinmu da hukumominmu su gane shi ne, wanda ya sayi lilon dogo ƙarfen ne mafi arha a cikin abin da ya saya. Lissafin da ke bayan ƙarfen, da takardunsa, da mutanen da za su riƙa duba shi kowace safiya, su ne ainihin kayan.

Aikin yana farawa ne daga fili. Kafin a zana komai sai an auna filin, an haƙa an gwada ƙarfin ƙasarsa, an san iskar wurin da zafinsa, sannan mai wurin ya faɗi mutum nawa yake son jirgin ya ɗauka a awa guda da shekarun waɗanda za su hau. Yawancin waɗannan jirage ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce take jan su zuwa tudun farko, daga nan nauyinsu ne kaɗai yake tafiyar da su har su dawo tasha, shi ya sa a irin wannan tsari babu tudun da zai fi na farko tsawo. Injiniya yana lissafa a kwamfuta, mita bayan mita, yadda nauyin jikin mahayi zai ƙaru ko ya ragu, domin a ƙasan gangara mutum yakan ji kamar nauyinsa ya ninka sau uku ko huɗu, kuma jiki ba ya jure wannan sai na 'yan daƙiƙoƙi.

A nan ne abin ya fi burge ni a matsayina na tsohon ma'aikacin dogo. Masu ginin farko, kamar waɗanda suka yi Flip Flap Railway a Coney Island ta Amurka a 1895, sun yi da'irar da jirgi ke kifewa a cikinta zagayayye sosai kamar zobe, sai mahaya suka riƙa saukowa da ciwon wuya, saboda jirgin yana faɗawa cikin lanƙwasar a lokaci guda. Maganin da injiniyan Jamus Werner Stengel ya kawo a shekarun 1970 shi ne abin da mu muka daɗe muna yi a layin dogo: ba a shiga kwana kai tsaye daga miƙaƙƙen layi, ana fara lanƙwasar ne a hankali tana matsewa kaɗan kaɗan. Shi ya sa da'irar lilon zamani take kama da ɗigon ruwa da aka juya kansa ƙasa. Haka kuma tayoyin kashi uku ne: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana zamewa, da na ƙasa masu riƙe jirgin kada ya tashi daga dogon, dabarar da John Miller ya yi wa rajista tun 1919. Duk wanda ya cire ɗaya daga cikin waɗannan ya maye gurbinta da wadda ta yi kama da ita a kasuwa, ya rusa lissafin gaba ɗaya ba tare da ya sani ba.

Kamfanonin da ke wannan sana'a a duniya ba su da yawa. Akwai Bolliger & Mabillard a Siwizalan, da Intamin a Liechtenstein, da Vekoma a Holan, da Mack Rides a Jamus, da Zamperla a Italiya. Tun da aka yi lilon Matterhorn Bobsleds a wurin wasa na Disneyland a 1959, da bututun ƙarfe ake yin dogon yawancin manyan jirage, domin bututu yana lanƙwasuwa ta kowace fuska. A masana'anta inji ne yake lanƙwasa kowane yanki bisa adadin da kwamfuta ta ba shi, a ɗora shi a kan ma'auni, a yi masa walda, sannan a bi waldar da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe don gano tsagar da ido ba ya gani. Kowane yanki yana da lambarsa da wurin zamansa, kuma da wuya a sami biyu masu kama ɗaya, ga shi kuskuren da ake yafewa bai wuce 'yan milimita ba. Daga zane zuwa ranar buɗewa akan ɗauki shekara biyu ko uku, manya daga cikinsu kuma suna cin sama da dala miliyan 20.

Jigilar ba ta da wani sirri. Ana yanka dogon da ginshiƙan daidai yadda za su shiga kwantena mai ƙafa 40 ko su hau bayan tirela, a loda su a jirgin ruwa. Da a ce Kaduna za a kawo, sai su sauka a Apapa ko Lekki, su bi hannun kwastam, sannan su kamo hanyar arewa, wataƙila su sauka a tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018. Kwance ƙarfe a wani gari a harhaɗa shi a wani ba baƙon abu ba ne gare mu. Gadar Gwamna Lugga da ke lambun Gamji a nan Kaduna, ai a Zungeru aka fara kafa ta kafin a kwanto ta a kawo nan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ke jiran kayan a fili. Tubalan kankaren da ginshiƙan za su zauna a kai ɗan kwangilar gida ne yake zuba su tun kafin ƙarfen ya iso, da notocin da aka dasa a cikinsu, kuma idan ya rage siminti ko ya kauce wa ma'auni kaɗan, babu ingancin masana'antar Turai da zai gyara wannan.

Bayan an harhaɗa ma ba a ɗora mutum. Ana fara jan jirgin a hankali da wani katako a jikinsa wanda ya kai iyakar inda hannun mahayi zai iya miƙewa, don a tabbatar ba zai taɓa komai ba, sannan a cika kujerun da 'yan tsana na roba cike da ruwa a yi ta zagayawa ana aunawa. Akwai ƙa'idojin da aka rubuta domin wannan, kamar EN 13814 na Turai, akwai kuma masu bincike masu zaman kansu irin TÜV na Jamus da sai sun sa hannu. Duk da haka hatsari yana faruwa. A 2015 a wurin wasa na Alton Towers da ke Ingila, na'urar da ke hana jirgi biyu shiga yanki ɗaya na dogo ta tsayar da jirgi kamar yadda aka tsara ta, ma'aikata suka ɗauka kuskure ne suka sake shi da hannu, ya je ya daki wani tarago da babu kowa a ciki, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. A 2023 kuma wani mai ziyara ne ya hango tsaga a ginshiƙin lilon Fury 325 a Amurka ya ɗauki bidiyo, aka rufe shi. Idan haka ta faru a inda ake da littafin dubawa da masu bincike, ina ga inda ake cusa rodi a ramin noti?

Ga kuma namu yanayin, wanda babu injiniyan Turai da zai sa shi a lissafi sai an gaya masa. Ƙurar hunturu tana shiga giris ta cinye boris, zafin watan Maris yana gajiyar da robar tayoyi, damina tana kawo tsatsa da tsawa. Idan aka ɗauke wuta, birkin maganaɗisu zai ci gaba da aiki, haƙoran da ke ƙara ƙas-ƙas a kan tudu kuma za su hana jirgin komawa baya, amma sai an sami ma'aikatan da aka koya wa yadda za su sauko da yara daga sama ta matakala ba tare da firgici ba. Mafi yawan abin da aljihunmu zai iya saye kuwa na gwanjo ne, wanda aka zana wa wata ƙasa da wani yanayi, ya yi shekaru yana aiki, wani lokacin kuma ya iso babu littafinsa, kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa.

Roƙona ga gwamnatin jiha da majalisar dokokinta shi ne kada a ba kowane lilo izinin ɗaukar mutane sai mai shi ya nuna takardun masana'anta, da tarihin gyaransa, da sa hannun injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, a kan tubalan da aka zuba, kuma a sabunta izinin kowace shekara kafin Sallah da Kirsimeti, a liƙa shi inda iyaye za su gani. Muna da masu walda a Panteka waɗanda hannunsu bai gaza na kowa ba, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da ya rage shi ne a koya wa wasu daga cikinsu gwajin walda da na'ura, a ba su ikon rufe lilon da bai cika sharaɗi ba ko da na wane ne.

A ranar dai ban bar jikokina sun hau ba, kuma ƙaramar cikinsu ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni. Na bar wa manajan wurin takarda a rubuce game da ginshiƙin nan da waldar, da lambar wayata a ƙasa, amma har yau da nake rubuta wannan wasiƙa ba a kira ni ba.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin layin dogo,
Tudun Wada, Kaduna.